Iyakar Igiya

Madam Tsahara ta ƙirgo jikka ɗari da ashirin,
ta ce, "Labo, laujenka ya tsufa, kai ma ka bi shi.
Ciyawar bakin asibiti ta kai ƙwauri,
sauro ya kafa unguwa a cikinta.
Je wurin Nomau ka zaɓo mana inji."

Na ratsa Mokoyo, ruwan jiya na kuka a takalmina.
A shago na iske su biyu, kafaɗa da kafaɗa,
ɗaya kore, ɗaya ruwan goro,
ɗaya da wutsiya a naɗe, ɗaya gundul.

Nomau ya dafa mai wutsiya.
"Wannan bai san gajiya ba. Ba shi kuran, ka bi bayansa.
Waya kamu sittin, ga arha,
har canji za ka mayar wa Madam."
Na ce, "Wane kuran? Namu na Maradi,
mai zuwa kamar wanda ake bi bashi,
ya leƙo da asuba, kafin hantsi ya sulale?"

Ya yi dariya, ya shafa gundul.
"To ga ɗa, ba turke ba igiya.
Ka ciyar da batir da dare,
da safe ya bi ka har Gulbi in kana so."
"Har yaushe?"
"Minti arba'in."
"Sannan?"
"Sai ya kwanta."
"In batir ya mutu fa, baɗi ko baɗin baɗaɗa?"
Nomau ya ɗaga kai yana ƙirga kwanon rufi.
"A aiko daga Kano, in hanya ta yarda."

Na zauna kan kwali, na yi shiru.
Na san tunkiyar da aka ɗaure,
da'irar da take ci, ƙwal kamar faifai,
koren da ke gaba kuwa sai kallo.
Shekara sha ɗaya ina cin tawa da'irar,
albashi na zuwa, wani wata ya ɗauke.
Na kuma san ƙanena Hashimu,
da ya tsinke, ya yi Arlit da ƙarfin ƙirjinsa kaɗai.
Ya ga duniya, ban musa ba.
A bayan mota aka dawo da shi, ido a zurme,
wata huɗu muna cika shi da kunu.

Na ce, "Nuna mini abin da suke kasayarwa."
Ya buɗe jakar baya: dukansu ɗaya,
ciyawa niƙaƙƙiya kamar za a kaɗa miya,
ba ta ɗauruwa, ba ta shanyuwa.
Sai na tuna tsoho Ɗan Tani da amalankensa,
duk Laraba yana jiran dami uku a bakin ƙofa,
da ragona mai baƙin kunne
wanda bai taɓa jin sunan Nomau ba.

Na auna filin a kaina, taki bayan taki.
Daga bangon ɗakin allura zuwa bedi, kamu sittin.
Daga bedi zuwa katanga,
nan burgu da harkiya suka fi tsayi.

Na ce, "Naɗe mini mai wutsiya."

Yanzu da safe, in kuran ya ga dama,
ina rataya waya a kafaɗa kamar mai jan raƙumi,
ina yi mata kaffa-kaffa kada wuƙa ta ci uwarta.
Gaban asibiti sumul, Madam na murna,
masu jinya na shimfiɗa tabarma a kai.

A gindin bedi igiya takan miƙe, ta ce nan.
Madam ta ce a ƙaro waya,
na ce to, Madam, za a duba.
Damina ta kusa fita, ana nan ana dubawa.
Laujen yana saƙale a reshe inda na bar shi,
jiya ma na wasa shi.