Sandar Jikka Tara

Jikka tara na aika wa yaron Katako,
ya ɗaure ta da igiyar roba, ya sa a motar dare.
Ta iso Tawa da asuba
tsakanin katifa da buhun garin rogo:
jar sanda mai kunne biyu,
ko nauyin taɓarya ba ta kai ba,
a jikinta rubutun da ban iya karantawa.

Motata ta girmi ɗiyata ta fari.
Ta sha hanyar Keita da akwatin allurar dabbobi,
ta haddace ramukan Tamaske ɗaya bayan ɗaya.
Yanzu in na sha kwana sai gabanta ya yi nishi
kamar gadon kara da baƙo ya juya a kai.

Nomau ya ɗaga kapo, ya tokare da guntun icce,
ya dubi sanda, ya dube ni.
"Wannan ai ta 'yan tsere ce, Malam,
kai da ba ka wuce sittin ko an biyo ka."
Na ce masa ɗaura dai.

Kile sha huɗu.
Ekuru uku a dama, uku a hagu,
bisa kawunan amartisa,
tsatsa ta riƙe su tun ban yi furfura ba.
Illa ya ɗiga musu gazuwal,
muka koma inuwar bedi muna jiran ƙarfe ya huce.

Kunnen dama ya zauna ba gardama.
Na hagu ya ƙi.
Rami na kallon ƙusa, ƙusa na kallon rami,
tsakaninsu faɗin farce.
Na fara tsine wa yaron Katako,
Nomau ya goge hannu a wando, ya ce a'a,
"Sanda ba ta yi ƙarya ba, motar ce ta buɗe.
Kafaɗunta suka yi nesa da juna kaɗan-kaɗan,
babu ranar da za ka nuna ka ce ga ta."

Na yi shiru.
Mu biyu muka sayi motar nan, ni da wana Asumana,
shekarar da albasa ta yi kuɗi.
Ba mu taɓa sa-in-sa ba.
Yana Bilbis, ina Wadata,
sallah uku ke nan gaisuwarmu ta waya ce.

Aka sa kirik, gaba ya tashi,
tayoyi suka sauke kayan da suke ɗauke da shi.
Saura rabin farce.
Illa ya kama magagari yana cin bakin ramin,
jan fenti na zuba kan yatsun ƙafarsa,
shayi ya dahu, ya huce, aka sake ɗorawa.
Wajen la'asar ƙusa ta leƙo.
Nomau ya ɗaure a hankali, dama, hagu, dama,
bai yarda wani gefe ya riga wani ƙoshi ba.

Sai kapo ya ƙi rufuwa.
Dukan guduma biyu daga ciki,
ya rufu, da ɗan ƙulu a goshi
irin na yaron da ya yi karo da ƙofa.

Na zaga shataletale sau uku,
har ɗan sanda ya fara lura da ni.
In ce ta zama sabuwa, na yi ƙarya.
Hayaƙi na nan, ƙofar baya sai da gwiwa.
Amma bolan ya ji magana da wuri,
nishin nan kuma
ko ya tafi, ko ni ne na biya kuɗin daina jinsa.

Ban nufi Bilbis ba, kwanar ce ta yi daɗin sha.
Asumana na ƙofar gida yana gyaran rediyo.
Bai ce sannu ba. Ya ce, "Me ya sami goshinta?"
Na buɗe masa.
Ya kama sandar da hannu biyu, ya girgiza,
motar duka ta girgiza tare.
"Nawa?"
"Jikka tara."
"An cuce ka," ya ce,
ya zagaya, ya ture akwatin allura baya,
ya zauna a kujerar gaba.