Bayan Rijiya

Filin da ke bayan zangonmu na Mamponteng
ba shi da suna a takarda.
Mu dai Bayan Rijiya muke ce masa,
ko da yake rijiyar ta rufta tun ban yi wayo ba.

A nan Inna Lantana ta yi shekara talatin a sunkuye.
Opanin Kwarteng ne ya ce mata, da fatar baki,
"Ki noma, kar ciyawa ta tara mana macizai."
Ladansa kwandon gwaza ɗaya a shekara
da naman layya a ƙunshe cikin ganyen ayaba.
Ba sa hannu, ba shaida
sai bishiyar mangwaro, ita kuwa ba ta magana.

Opanin ya riga mu, Inna ta bi shi bayan damina biyu.
A ƙasar nan ɗan 'yar'uwa ke cin gado,
ya zo daga Kumasi da safiyo,
aka kafa ƙarfe mai ƙafa uku, aka kanne ido ɗaya,
aka yanka gonar kamar tsire:
fegi goma sha biyu, jan fenti a kan kowane turke.
Katafila ta yi wuni guda.
Da la'asar har mangwaron ya kwanta.

Ni birkila ne. Da aka nemi hannu, na miƙa nawa.
Fuseini ya ce ba ni da kunya.
Na ce kunya ba ta sayen omo,
kuma shi kansa, da mata da 'ya'ya huɗu,
a ɗaki ɗaya suke jera ƙafafu kamar ashana,
in an yi ruwa su tashi su riƙe bokiti.
Garin ya cika, Fuseini. Mutane sai sun kwana.

Ran da muke haƙa harsashin gida na bakwai
shebur ya yi ƙara a kan wani abu.
Ruwan fartanya ne, tsatsa ta cinye bakinsa,
gefen hagu ya fi zaizayewa.
Inna bahaguwa ce.
Na goge shi da rigata, na juya wa leburori baya.
Mai kwangila na ƙwala kira, kwaɓi zai bushe.
Sai na kwantar da shi a ƙasan ramin
na zuba masa kankare da hannuna.

Yanzu an yi rufi, kwano shuɗi, ana gani tun daga tashar mota.
An rataye allo a ƙofa: haya, kuɗin shekara biyu a dunƙule.
Na yi lissafi a bayan buhun siminti,
na sake yi, na yage takardar.
Wata malamar asibiti ce ta kama na bakwai.
Tana gaishe ni da fara'a, ta shanya zannuwa
daidai inda Inna ke shanya barkono.

Jiya bayan ruwan dare na bi ta wurin.
A gindin katanga, inda yaɓe bai kai ba,
gwaza ta ɓullo, ganye biyu, ɗigon ruwa na rawa a kai.
Malamar ta leƙo ta ce, "Oga, ciyawa ce? In cire?"
Na ce bar ta ta ƙara mako uku,
ganyenta na yin miya.