Toka da Kara

An girbe masakwa, an bar kara tsaye
rana na gasa shi a bayan Salak.
Awaki sun ci ganyen, sun bar sandar.
Na ɗaure dami biyu a bayan babur,
na nufo ɗakin gwajinmu a Marwa.

Akwai zaƙi a ciki, na sani.
Duk wanda ya taɓa shan takanɗa ya sani.
Amma wannan zaƙin ba ya bin miyau:
an kitsa shi zare-zare, an liƙe da ƙaro,
kuɗin marowaci ne, ba ya fitowa.

Na niƙa, na tankaɗe, na zuba inzayim,
'yan almakashin da ido ba ya gani,
masu tsada, daga Duwala, cikin ƙanƙara.
Kwana uku suna kewaya gida ba ƙofa.
Hamajoda ya leƙa kwalabar, ya ce,
"Gara ta fi mu digiri."
Ban yi dariya ba. Gara na da haƙori,
da 'yan haya a ciki masu narkarwa.

Daren nan na tuna Dada Kulu
da wakenta mai taurin kai.
Ba ta ƙara itace.
Ruwan toka take tsiyayowa daga ƙoƙo mai huji,
ta ce, "Wuta faɗa ta iya,
toka ce ta san rarrasawa."

Na ƙone dami ɗaya don in buɗe ɗan'uwansa.
Karon farko na cika hannu,
ya yi baƙi, ya yi ɗaci, na zubar.
Karo na biyu na tsaya a kan tukunyar
har ruwan ya koma kalar shayi,
ƙaron ya saki.
Na wanke, na sake wankewa.
Karan da ke yanka yatsa jiya
ya zama auduga a tafina.
Sau biyu aka ɗauke wuta, ina jujjuyawa.

Ran Alhamis na ɗiga ruwan gwaji, rawaya,
na ɗora a tafasasshe.
Ya rine ja, jan goron da aka tauna.
Hamajoda ya cire tabarau ya goge.

Bai kai cokali uku ba.
Na rubuta adadin, na ja layi.
A takardar babu gurbin sunan Dada,
kuma ta taga, wajen Salak,
hayaƙin sauran karan yana ta hawa.