Da Sauƙi

A aji shida, a makarantarmu ta Asawase,
Madam Boakyewaa ta jera mana su a kan allo:
kalmomin Turanci goma sha biyu, duk na wahala.
Wannan ta tudu ce, in ji ta, ana hawa a sauka.
Wannan ta rami ce.
Wannan kuwa ba a faɗinta sai tura ta kai bango.
Na haddace su a bakin murhu ina fifita wuta.
Ranar gwaji na ci goma sha ɗaya.
Ta ƙarshen ce ta kayar da ni,
haruffanta sun yi mini yawa.

Yau ga ta a bakin likita,
a hawa na uku, asibitin Komfo Anokye.
Da Tonanci ya gaishe da Baba,
har suka yi dariya kan tsadar albasa.
Da ya buɗe takardar sai ya juya harshe,
ya dube ni,
ya sauke kalmar a hankali
kamar mai sauke tulu daga kan yaro.

Baba bai san Turanci ba sai na farashi.
Shekara talatin da huɗu yana auna albasa a Kejetia,
yanzu ƙafafunsa sun ƙi shiga silifa.
Ya ce: Memuna, me ya ce?

Na shiga rumbun namu ina lalube.
Wuya? An ce ba ta kisa.
Tsanani? Kullum da sauƙi a bayansa, riƙe da rigarsa.
Matsi na kuɗin haya ne,
ƙunci na ranar da kwata ta cika ta shigo mana ɗaki a Aboabo,
muka kwana tsaye da tabarmi a ka.
Ɗawainiya ma ana yi mata sannu.
Ashe kowace kalma tamu da ƙofar baya aka gina ta.
Wannan ta likita na zagaya ta sau uku,
ko taga babu.

Fanka tana juyi. Wata nas ta wuce da tire.

Na ce: Baba, ya ce da sauƙi.

Ya daɗe yana kallona,
irin kallon da yake wa buhu kafin ya taya.
Ya ce: Madalla.
Haka na faɗa wa kakarki, a ginin nan, can ƙasa.
Sauka ki sayo mini koko,
ki ce kada ta cika sukari.

A layin mai koko na ciro biro,
na rubuta kalmar a bayan takardar magani.
Harafi bayan harafi ta fito daidai,
ko ɗaya ban rasa ba.
Madam, ga ta goma sha biyun.