Tafintan Inji

A Jidda, hawa na tara, dare ya raba.
Na ce wa tafintan inji: "Matse ta."
Ya matse.
Ya warware zagayen lissafina zare-zare,
ya zubar da duk kalmar da ke zaman banza,
ya ɗinka manhajar daidai ƙirjin sabuwar kwamfuta.
Kafin asuba tana gudu kamar ruwan gangare.

Sai Barira ta kira daga Mai Wurno,
daga ɗakin shan magani na bakin Nilu:
"Yaya Mudi, ta ƙi buɗewa.
Mata na layi riƙe da kati."
Tsohuwar kwamfutarta ba ta jin wannan yare.

Kakanmu da ya tako daga Sakkwato
ƙwarya ya riƙe, ba tangaran ba,
don kowace rijiya ta san ƙwarya.

Na zauna, na sassauta ɗinkin.
Daƙiƙa uku ta koma goma sha ɗaya.
Maigidana ya dubi agogo, ya ja tsaki.

Da la'asar Barira ta turo hoton allo:
sunan wata Talatuwa,
da nauyin jaririnta,
kilo uku da ɗan ɗori.