Kwalin Takalmi

Ran da aka ɗora mini hular kammala karatu
Mama ta yi kuka, Baba ya sayo kifi.
Kwana arba'in bayan nan
na buga lambar sirrina ta jami'a,
kwamfuta ta ce ba ta san ni ba.

Shekara biyar ina shan rijiyar nan.
Ba ƙafewa ta yi ba,
guga aka ɗauke.
Maƙala guda, shafi goma sha biyu,
kuɗinta ya cinye ladan yinina biyu
a gidan burodin Eduvigis.

Ni kuwa sawun matan wanki nake bi,
waɗanda suka hau tuddan Valparaíso
da ƙunshin kayan matuƙan jirgi a ka
tun kakata ba ta zo duniya ba.
Ba su bar littafi ba. Sun bar rasit,
da ƙarar maƙwabta a kan ruwan sabulu.

Sai na koma roƙo da wasiƙa.
Masana tara na rubuta wa.
Shida suka yi gum, biyu suka turo,
ɗaya, wata tsohuwar farfesa a Temuco,
ta haɗo har da abin da ban tambaya ba,
ta kuma gyara mini rubutun sunanta.

Ranar Laraba, in na kankare fulawa daga farce,
nakan haura ɗakin adana tsofaffin takardu.
Don Eleuterio ba ya son biro, sai fensir.
Ba ya son tari.
Amma ya san kabad ɗin da yoyon rufi ya ci
da wanda ya sha da ƙyar.

A kwamfutata sunayen fayil abin kunya ne:
sabo, sabo na biyu, na ƙarshe, na ƙarshe da gaske.
Na gaji, na ɗauko kwalin takalmin ƙanena Nahuel,
kowace mace na yanka mata kati:
suna, unguwa, takardar da na tsince ta a ciki.
Na jera su bisa haruffa, na kwanta ina yaba kaina.

Wata Asabar da dare ƙasa ta motsa,
'yar girgizar da ba ma barin gado dominta.
Kwalin dai ya faɗo.
Kati ɗari biyu da sittin, har ƙarƙashin murhu.
Na durƙusa ina tsinta ina tsaki,
sai ga Petronila Huenchul kwance kan Rosenda Olate.
Haruffa sun raba su wata bakwai a hannuna,
ashe lungunsu ɗaya, famfonsu ɗaya,
rana ɗaya suka tsaya gaban alƙali.

Ban mayar da kowa gurbinta ba.
Famfo-famfo nake tara su yanzu a kan tabarma,
maƙwabciya kusa da maƙwabciya.
Saura goma sha ɗaya da ban san inda suke ɗiban ruwa ba.
Ƙarfe huɗu ta yi, ƙullin burodi na jirana,
na ɗora musu kofi kada iska ta kwashe.