Gado Ashirin da Biyu

Ƙarfe tara na dare nake zare sakata.
Zauren tsohon coci ne a Hull, bayan tashar bas.
Iskar kogi takan shigo tare da mutane
kamar ita ma an rubuta sunanta a littafi.

Gado ashirin da biyu, na san halin kowanne.
Na uku yana ƙara in an juya.
Na sha ɗaya yana jikin bututun ɗumi,
a kansa ake rigima,
Dermot ke samu don ya fi kowa tari.
Shekara talatin yana sauke kaya a bakin ruwa,
yau duk abin da ya mallaka
ya shige jakar leda biyu, har da sauran wuri.

Ran Talata wasiƙa ta zo daga majalisar gari.
Takarda mai santsi, Turanci mai ladabi,
sai ka karanta sau uku kafin ka ji inda ta cije ka.
Sun ce sun yaba da aikinmu.
Sun ce daga ɗaya ga Afrilu
kuɗin gado sha huɗu za su iya biya.
Misis Thackray ta cire tabarau, ta goge da bakin riga,
ta mayar, ta sake dubawa.
Lissafi bai motsa ba.

Takwas ke nan.
Wa zai nuna mini takwas ɗin?
Shauna, da ba ta barci sai da takalmi a ƙafa?
Ko Kieran, da ya cika sha takwas ran Lahadi,
gidan reno suka yanka masa kek
sannan suka miƙa masa jakarsa?

A garinmu in an ce gado,
abin da uba ya bar wa 'ya'ya ake nufi.
A nan gado shi ne abin da kasafi ya rage
bayan kowa ya ci ya suɗe hannu.

Hayin titi ana gini, bene hawa tara.
A allo an zana iyali suna dariya da karensu.
An ce goma daga ciki na masu ƙaramin ƙarfi ne,
haya mai sauƙi.
Na zauna da biro na auna da albashina.
Ni da nake aikin dare biyar a mako
sai dai in leƙa ta shinge.
Sunana ma yana layin gidajen gwamnati,
bana shekara huɗu,
layin da ba a ganin ƙeyar na gaba.

An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Wanda ba shi da ɗaki fa?
Shi duk sama yoyo ce.

Da asuba Inna ta kira daga Gusau.
Ta ce, "Wai da gaske a Ingila mutum na kwana waje?"
Na ce da gaske ne.
Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke.
"Ba su da dangi ne?"
Na ce, "Gwamnati suke da ita, Inna."
Ta ce, "To ita a ina ta kwana?"

Ƙarfe bakwai ake tashi.
Shayi da burodi, kowa ya ɗau ledarsa.
Dermot ya tsaya a ƙofa yana ɗaure wuyan riga,
yayyafi na sauka a kan furfurarsa.
Ya ce, "Ajiye mini na sha ɗaya, Sagir."
Na ce, "Sai dare."

Saura kwana sha tara.
Ban faɗa masa ba.
Na koma ciki na ninke barguna,
na ƙirga, ashirin da biyu,
na sake ƙirgawa a hankali
don kada aikin ya ƙare da wuri.